Ina kallon fuskokinsu amma kullum ana cinye ni a poka, me zan riƙa kallo?

Ƙanina, tambayarka ta iso. Ka ce kuna buga poka a bes ɗinku na Maamobi bayan isha'i, ku shida wani lokaci bakwai, da cip na roba babu kuɗi a ciki, kuma kai idonka kullum yana kan fuskar mutane tunda an ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma duk da haka kai ne ke riga kowa tashi hannu wayam, wai me ya kamata ka riƙa kallo. Toh ni na daɗe ina rabon karta a wani otal nan Akra kafin in bar aikin, kuma mai rabo ba shi da katin kansa da zai duba, dare bayan dare hannuwan mutane kawai yake kallo, don haka abinda na gani shi zan gaya maka.

Karin maganar nan tana aiki a gida, tana aiki a gaban surukai, amma a teburin poka fuska ita ce wajen da kowa ya fi tsarewa, ko yaron da ya fara jiya ya san ana kallon fuskarsa, shi ya sa zai ɗaure ta ko ya yi maka wasan kwaikwayo da ita. An ma gwada abin. A 2013 wani mai bincike Michael Slepian da abokan aikinsa a Amurka suka yanko gajerun bidiyo na ƙwararru daga gasar poka ta duniya ta 2009, suka nuna wa ɗalibai, wasu aka nuna musu fuska, wasu kuma hannu kaɗai lokacin da mutum yake tura cip tsakiya. Masu kallon fuska ba su tsinana komai ba, har ma fuskar ta ɗan ɓatar da su, masu kallon hannu ne suka fi cankar wa ke riƙe da kati mai kyau. To ka ga tun nan ka san wajen da ka zuba ido ba nan kayan suke ba.

Kafin in ci gaba, tunda ka ce ba kuɗi, ku bar shi a haka. Ranar da wani ya ce a sa sidi biyar biyar don wasa ya yi armashi, ya zama caca, kuma ka san abinda aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ce, ba sai na yi maka wa'azi ba. Ko a dokar ƙasa, Act 721 ta 2006 ta sa harkar a hannun Gaming Commission, lasisi ake nema, kuma ɗan ƙasa da shekara 18 ba ya shiga. Sai dai rashin kuɗin yana da tasa matsalar ga mai son karanta mutane, domin wanda ba abinda zai rasa komai bi yake, ba tsoro ba fargaba, jikinsa ba zai gaya maka komai ba. Maganinta ku yi shi kaman gasa, kowa a ba shi cip daidai da na kowa, wanda nasa ya ƙare ya fita kenan ba ƙari ba aro, ya koma gefe yana dafa wa sauran ataya. Wallahi kunyar zama a gefe ana yi maka dariya ta isa ta sa gaban mutum ya faɗi, kuma faɗuwar gaban nan ita kake nema.

Abu na farko da za ka fara lura da shi ko jikin mutum bai shafa ba, ƙirga ne. Sau nawa wannan mutumin yake shiga wasa, sau nawa yake zubar da katinsa tun kafin a buɗe ukun farko, wato kati ukun da mai rabo ke fara buɗewa a tsakiya kowa ya haɗa da nasa, kafin ya ƙara biyu ɗaya bayan ɗaya? Karta 52 ce, kowa kati biyu ake ba shi, kuma yawancin abinda ake ba mutum shara ne. A da A tare sau ɗaya ne cikin 221, tagwaye, wato kati biyu masu lamba ɗaya, kowane iri sau ɗaya cikin 17. Wanda ya san abinda yake yi a teburin mutum shida kusan hannu ɗaya cikin huɗu ko biyar yake shiga. To in ka zauna ka ƙirga rabo 20 ka ga mutum ya shiga 14, ba sai ka kalli idonsa ba, lissafi ya riga ya gaya maka cewa yawancin lokaci tarkace yake riƙe da shi. In kuma ka ga wani ya yi zaune shiru rabo 20 sau biyu kacal ya motsa, ranar da ya ƙara cip ka ba shi hanya ko da katinka ya yi maka kyau a ido. Sai ka ƙara tambaya ta biyu, in ya shiga bi kawai yake, wato ya biya daidai abinda aka zuba, ko ƙari yake a kai? Mai yawan bi da wuya ya yi burga, wato ya zuba cip ba kaya a hannu don ya kore ka, ranar da ya ƙara maka da gaske yake. Da waɗannan tambayoyi biyu kaɗai ka riga ka raba mutanen bes ɗinku gida gida, kuma ina tabbatar maka wannan ƙirgar ta fi duk wani kallon ido da za ka yi shekara kana yi.

Kuma yaushe ake wannan aikin? Lokacin da kai ka zubar da naka katin. Nan ne yaranmu suke asara, mutum na zubar da kati sai ya zaro waya ya shiga TikTok ko ya juya ana musun Hearts of Oak da Kotoko, alhali lokacin ne kansa ke sake, ba ruwansa da abinda ke tsakiya, zai iya kallo da hankali kwance. In kana buga hannu ɗaya cikin biyar, huɗun da suka rage makaranta ce kyauta.

Wajen da ya fi ko'ina daraja shi ne ƙarshen hannu, lokacin da aka buɗe kati kowa ya gani. Duk abinda ka hango kafin nan zato ne, nan ne gani ya kori ji. Da zarar mutum ya buɗe katinsa, kar ka tsaya kan wa ya ci, ka koma baya a ranka ka sake bin hannun tun daga farko: ashe K da 9 yake riƙe da shi, daga wace kujera ya shiga, nawa ya zuba da aka buɗe ukun farko ya samu K ɗinsa, ya yi sauri ko ya jinkirta, yana magana ko ya yi tsit, da wane hannu ya tura cip ɗin, jefawa ya yi ko ajiyewa. Sai ka adana. Nan gaba in ya buɗe burga, ka sake yin haka, ka kwatanta biyun. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne sirrin mutumin, kuma nasa ne shi kaɗai, ba lalle ya yi aiki a kan na kusa da shi ba. Kaman Hajiya mai waakye ce da ta san kullum na sidi nawa kake saya, ranar da ka ce a sa kifi da ƙwai da wele ta san wani abu ya shigo aljihu, amma baƙon da ya zo yau ya sayi irin wannan ba ta san komai a kansa ba, wataƙila kullum haka yake ci. Sai ka san yadda mutum yake a ranar da ba komai, sannan canjinsa zai yi maka magana. Kuma gani ɗaya ba hali ba ne, ka jira ka ga abu ya maimaitu kafin ka ɗora cip ɗinka a kai.

Yanzu girman abinda yake zubawa, wanda a wajena ya fi duk wani motsin jiki faɗin gaskiya, saboda dole ne ya zuba, ba yadda zai ɓoye shi. Waɗanda ba su goge ba suna da hali biyu. Akwai mai zuba kaɗan in katinsa ya yi kyau don kar ya kore ka, ya zuba da yawa in burga ce don ya tsorata ka. Akwai kuma akasinsa, mai zuba daidai ƙarfin katinsa kaman yana karanto maka shi. Aikinka ka gane wanne ne wanne, kuma buɗe katin ƙarshe ne zai gaya maka. Amma ka haɗa da lissafi, in ba haka ba karatun banza ka yi. A ce akwai 100 a tsakiya ya zuba 50, kai za ka biya 50 don neman jimlar 200, wato in kana ganin sau ɗaya cikin huɗu kai ne a sama, bi ya halatta. In ya zuba 100 a kan 100, sai ka zama kana cinsa sau ɗaya cikin uku. Ka ga ba a ce sai ka tabbatar burga yake ba, tambayar ita ce irin wannan mutumin, a irin wannan wajen, sau nawa yake burga. Ga wani lissafin da zai kwantar maka da hankali: wanda ya shiga da kati biyu mabambanta, kusan sau biyu cikin uku ukun farko ba sa haɗa masa ko tagwaye. Saboda haka mai zuba cip duk lokacin da aka buɗe ukun farko, kowane hannu, ba fashi, ba zai yiwu kullum yana da kaya ba.

Sai lokaci. Mutum ya bi ka nan take ko numfashi bai ja ba, galibi katinsa tsaka-tsaki ne ko yana jiran wani kati ya cika masa fulash (kati biyar iri ɗaya, kaman duka hat) ko jeri (lamba biyar a jere), domin da kaya ne masu nauyi da ya ɗan tsaya yana tunanin ko ya ƙara, da kuma shara ce da ya yi tunanin zubarwa. Mai jiran fulash da kati huɗu iri ɗaya bayan ukun farko, kati 9 ne suka rage da za su cece shi, damarsa wajen kashi 35 cikin ɗari in zai ga biyun da suka rage, in saura ɗaya kuma ba ta kai kashi 20 ba, to in ka gane shi kar ka bar shi ya ga kati da araha. Wanda ya daɗe yana tunani sannan ya buga tebur ya wuce bai zuba komai ba, yawanci so yake ka ɗauka yana da abu don kar ka zuba. Wanda ya daɗe yana tsaki yana girgiza kai yana "kai, wannan wasa", sannan ya ce to shikenan bari in ƙara, chale gudu, wannan ya gama haɗa kayansa.

Wannan na ƙarshen shi ne abinda wani tsohon ɗan wasa na Amurka Mike Caro ya shahara da faɗa tun shekarun 1980, cewa mai wasan kwaikwayo in ya nuna rauni ƙarfi gare shi, in ya nuna ƙarfi rauni gare shi. A bes irin naku zai yi aiki sosai, don mu da muka tashi da sipa mun saba buga kati a benci da ƙarfi ana ihu ana cika baki, sai mu kwaso halin mu kawo poka. Wanda ya watso cip da ƙarfi ya zuba maka ido kaman zai cinye ka, sau da yawa ba komai a hannunsa. Wanda ya kawar da kai yana kallon titi kaman wasan bai dame shi ba alhali bai zubar da katinsa ba, shi ne abin tsoro. Amma ka fara tantancewa, wasan kwaikwayo yake ko bai ma san ana kallonsa ba, don ƙa'idar a kan mai kwaikwayo kaɗai take aiki.

Waɗanda jiki ke yi ba da sanin mai shi ba sun fi amana, ga kaɗan da na fi gani. Rawar hannu wajen tura cip, mutane suna ɗauka tsoro ne, alhali galibi murna ce ta kama shi, babban kati ya faɗo masa jini ya hau. Mai burga shi ƙamewa yake, ya daina taunar cingam, ya daina kaɗa ƙafa, numfashi ma a hankali, labarin da yake bayarwa ya tsaya a tsakiya ko ya riƙa maimaita kalma ɗaya. Mai kaya kuwa hirarsa na tafiya sumul, ka tsokane shi ya yi dariya ta gaske har kafaɗa. Sannan wanda aka buɗe ukun farko ya kalle su sau ɗaya, idonsa ya sauka kan cip ɗinsa ya ɗauke da sauri, in ka ga kare na shinshina takalmi ɗauka zai yi, ya samu abu yana shirin zubawa. Wanda ya ƙura wa katin tsakiya ido ya daɗe, nema yake bai samu ba. Akwai wata da nake so sosai: aka buɗe hat uku a tsakiya sai mutum ya sake leƙa katinsa. Wanda ya shigo da hat biyu ya san da su tun farko ba sai ya duba ba, mai dubawa jan kati ɗaya yake tunawa yana son ya ga hat ne ko daimon, wato fulash ɗinsa bai cika ba tukuna. Joe Navarro, wanda ya yi aiki da FBI kafin ya koma koyar da 'yan poka, yana cewa ƙafa ta fi fuska gaskiya, kuma ku da kuke zaune a benci ba babban tebur da ya rufe ƙafafu, kun fi 'yan otal samun wannan.

Duk wannan ba za ka gan shi ba in kai ma idonka na kan katin tsakiya. Katin ba inda za shi, bayan daƙiƙa biyar yana nan, amma abinda ya gifta a jikin mutum lokacin da katin ya faɗo ba zai dawo ba. Mai rabo na buɗewa, kai ka kalli mutane. Haka ma naka kati biyun, kar ka duba sai layi ya zo kanka, kafin nan ka saci kallon hagunka, don su ne za su yi magana bayanka, kuma da yawansu tun kafin layinsu sun riga sun riƙe katin a yatsa kaman za su jefar, ko sun riga sun kai hannu kan cip. In biyun da ke bayanka duk sun shirya jefarwa, katin da da za ka zubar ya zama na shiga.

Sai dai gane mutum daban, yin aiki da abinda ka gane daban. A gasar duniya ta 2003 a Las Vegas, mutum 839 suka shiga, aka rage saura biyu, wani akanta daga Tennessee mai suna Chris Moneymaker da gogaggen ɗan wasa Sam Farha. A wani hannu Moneymaker na riƙe da K da 7, bai haɗa komai ba, fulash da jerin da yake jira duk ba su zo ba, ya tura duka cip ɗinsa. Farha na da Q da 9, tagwayen 9, shi ne a sama. Ya daɗe yana tunani, har ya furta da bakinsa cewa kaman fulash ɗin mutumin ne bai cika ba, wato ya karanta daidai, amma ya zubar. Moneymaker ya ci gasar da dala miliyan 2.5. Ni abinda nake ɗauka a nan, in lissafi da abinda ka gani sun haɗu a waje ɗaya, ka bi su, in kuwa za ka gane sannan tsoro ya hana ka, gara ma ba ka wahalar da idonka ba.

Kuma kar ka ɗauki karatun jiki ya wuce matsayinsa. A 2017 wata kwamfuta mai suna Libratus da aka ƙera a jami'ar Carnegie Mellon ta buga hannu 120,000 da ƙwararru huɗu a Pittsburgh cikin kwana 20 ta lallasa su, ba ta da ido ba ta ga fuskar kowa ba, abinda aka zuba da katin da ke ƙasa kawai take bi. Motsin jiki na raba gardama ne in hannu ya tsaya maka a tsakiya, bi ko zubarwa duk kusan ɗaya. Ba zai mai da 9 da 4 su zama kati ba. In kana shiga 14 cikin 20 ɗin nan da na faɗa, to matsalarka ba ta kallo ba ce tukuna, ka fara gyara wannan.

Sannan kifi na ganinka mai jar koma. Tunda kai ne ke yawan fita da wuri, ina zargin akwai wanda ya riga ya haddace ka a bes ɗin, watakila ma shi ne mai yawan tsokanarka da hira in kun rage ku biyu. Ba sai ka sayi baƙin gilashi da daddare ana yi maka dariya ba. Ka riƙa yin komai iri ɗaya: ka duba kati sau ɗaya ka haddace har da irinsa, ka ajiye hannunka waje ɗaya, ka ƙirga uku a ranka kafin kowane motsi ko kaya gare ka ko shara, ka tura cip da hannu ɗaya salo ɗaya, kuma adadin da kake ƙarawa kafin ukun farko ya zama ɗaya ko A da A ne ko 8 da 7. In kana cikin hannu aka yi maka tambaya, ko dai kullum ka amsa ko kullum ka yi shiru, ni shiru na fi ba sabon ɗan wasa shawara. Kuma ka daina nuna katinka in kowa ya zubar, na san daɗin nuna burga a yi ihu, amma darasin da na ce ka riƙa ɗauka a kansu ne kake raba musu kyauta.

In a waya kuke bugawa wani lokaci da cip ɗin wasa, ƙirgar shiga da girman zubi suna nan daram, amma lokaci kar ka yarda da shi sosai, wanda ya daɗe bai motsa ba watakila netwok ne ya riƙe shi ko yana cikin trotro yana neman canji.

Kujera kuma, tunda a bes kowa inda ya ga dama yake zama, ka riƙa zuwa da wuri ka zaɓa. Mai yawan ƙari da hayaniya ka sa shi a damanka, don ya riƙa magana kafin kai, ka ga abinda ya yi sannan ka yanke shawara. Mai shirun nan da ba ya shiga sai da kaya ka bar shi a hagunka, ba zai dame ka ba, in ya motsa kuma ka san abinda ake ciki. A daren farko kar ka ce za ka karanta mutum shida, kanka zai ɗau zafi ka tashi ba ka riƙe ko ɗaya ba, ka ɗauki na damanka da na hagunka kawai tunda da su za ka fi haɗuwa, sauran ka ƙara su ɗaya ɗaya a makonnin gaba.